Kirsimetin Dankali a Gidan Baba Yunana

"Ku ajiye kwanon nan, Baba!"

Muryar Philomena na jiyo ta bayan zana, na yar da tsintsiya na leƙa. Aikin jinya take yi a Makarfi, ta zo duba mahaifinta, Baba Yunana, maƙwabcinmu a Kurmin Kogi. Yana kan tabarma, kumburarriyar ƙafarsa a miƙe, kwanon dafaffen dankali a cinya.

"Kin hana ni shinkafa, na haƙura," in ji shi. "Ko da yake soja sun riga ki, tun da suka hau mulki ta ɓace a kasuwa. Yanzu dankalin ma?"

"Baba, a wurin ciwon suga duk ɗaya ne. Shinkafa da dankali, suga suke komawa a jiki. Kaɗan za ku ci, ku cike da wake da ganye."

Ya juyo wajena yana dariya. "Lantana, kin ji ɗiyata. Karɓi, kai wa yara." Ya ɗauki ɗaya, ya raba biyu, ya miƙo mini sauran.

Bai ƙara saɓa mata ba. Sai dai magani ya yi wuya a asibiti, gyambon ƙafar ya ƙi warkewa, kafin kaka ta wuce idanunsa sun daina gani.

Duk Kirsimeti gidansa kan aika wa kowa shinkafa, Kirista da Musulmi. A shekarar nan na tarar da matarsa, Mama Paulina, tana hawaye gaban buhun da ba komai. Ya ji ta. Sai ya sa mijina Sama'ila ya tura shi a amalanke zuwa gonarsa ta fadama, muka bi su da kwanduna. Makaho, da ƙafa ɗaya mai aiki, ya dinga jan jiki tsakanin kunyoyi yana shafa ƙasa da tafin hannu.

"Tona nan. Nan ma."

Duk inda ya nuna, sai dankali ya fito jajir, kamar kan jariri.

Ranar Kirsimeti tsakar gidan ya cika da tukwane, ga manja, ga yaji. Yana jingine da bango, duk wanda ya shigo sai ya kira sunansa tun bai yi sallama ba. Shi kuwa rabin dankali ɗaya kawai ya ci.

"Likita," ya ce wa Philomena, "yau dai ya tsaya a madadin shinkafa ko?"

"A kwanon baƙi ya tsaya, Baba. Ban da naku."

Da rana ta karkata jikinsa ya tsananta, ya nemi gafarar kowa, ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Aka kira la'asar. Sama'ila na riƙe da hannunsa, ya kasa tashi.

"Je ka yi sallarka, Sama'ila. Zan jira ka."

Ya tafi. Matan coci suka fara waƙa a hankali. Numfashin Baba yana ɗaukewa yana dawowa, ni kuwa idona na kan ƙofa. Da Sama'ila ya shigo ya durƙusa, Baba ya lalubo hannunsa, ya ce, "Ka dawo?" Shi ke nan.

Mama Paulina ta lulluɓe shi da mayafinta. Can a murhu tukunyar ƙarshe tana ta tafasa, ba wanda ya tuna ya sauke ta.