Saura Ɗaya a Takardar Ato

Kowace Lahadi in an taso daga coci, su huɗu sukan haɗu a barandar Nii Lante a unguwar Osu ta birnin Accra, a ci dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, a wanke hannu, a baje takardu da fensira da 'yan ludo masu fuska ashirin. Nii Lante ne mai jan labarin, shi ke fito da dodanni. Sauran ukun kowa da jaruminsa a takarda, kuma kowane jarumi da makin ransa. In dodo ya same ka sai ka rage, in ya kai sifili jaruminka ya mutu, babu ɗaukaka ƙara.

Nii Lante tsohon malamin makaranta ne, kuma ritaya ba ta raba shi da koyarwa ba. "Makin nan ba jini ba ne," in ji shi. "Wa ya taɓa ganin an sari mutum sau goma ya tashi ya ci gaba da faɗa? Numfashi ne, da sa'a, da sauran ƙarfin zuciya." Don haka ya kafa doka a teburinsa: mai magani ba za ta jefa ɗan ludo kawai ta ce ta warkar ba. Sai ta dubi majinyacin ido cikin ido, ta faɗa masa dalilin da zai sa ya miƙe.

Dokar nan ce ta hana Ato sukuni, domin mai maganin matarsa ce, Araba.

Jarumin Ato maharbi ne, kullum yana can baya a bayan dutse. Shekara biyu ana wasan nan, da kyar aka taɓa ƙwarzanarsa, kuma a da yana alfahari da hakan. Selorm kuwa, gwauro mai gyaran firji, gatari jaruminsa ke riƙewa, ba shi da aiki sai faɗawa tsakiyar dodanni yana ihu. Kowane mako sai an jibge shi, kowane mako kuma sai Araba ta juya kujerarta ta fuskance shi, ta sassauta murya.

"Tashi, babban mutum. In ka kwanta, wa zai tare mana ƙofa? Da kai muke taƙama."

Selorm ya dafa ƙirji. "Wayyo, Sista Araba, na ji sauƙi har ƙashina! Ato, ka yi haƙuri, likitar gidanku ta iya aiki."

Ato yakan yi dariya tare da su, amma ba har zuci ba. Kishi yake yi, kishi na gaske, kuma ya san abin kunya ne magidanci ya yi kishi a kan takarda da fensir. Shekara tara da aurensu. Muryar da yake ji a gida ta "ka sayo gas" ce da "rufe famfon nan". Wannan mai taushin ya manta rabon da a yi masa ita, ga shi ana rabar da ita a gabansa ga mai gyaran firji.

Ran nan labari ya kai su wata gada, wani ƙaton dodo ya tare hanya. Ato ya ajiye fensir.

"Na jefar da baka. Na zaro wuƙa, na yi kansa."

Nii Lante ya leƙo ta saman tabarau. "Kai? Da wuƙar yanka albasa?"

"Na ce na yi kansa."

Dodo bai yi masa da wasa ba. Sau uku Nii Lante na jefa ɗan ludo, sau uku Ato na gogewa yana sake rubutawa, ya kare takardar da hannu. Daga talatin da ɗaya ya dawo saura ɗaya. Murna ta kama shi, yau dai kujerar nan wajensa za ta juyo. Selorm ma ya sha nasa dukan, yana ta raki kamar yadda ya saba.

"Magani ɗaya ya rage mini," in ji Araba. "Selorm, nawa?"

"Tara, Sista. Ina ganin kakannina suna ɗaga mini hannu."

Ta juyo. "Ato, kai fa?"

Ya buɗe baki. Sai ya ga Selorm ya zuba masa ido yana murmushi, yana jiran ya ji maigida ya roƙi magani a layi ɗaya da shi. Sai ya fasa faɗa.

"Ni ƙalau nake. Ba wa mai kukan."

Ta ɗan tsaya tana kallonsa, sannan ta juya kujerar wajen Selorm. Ato ya zauna yana sauraron matarsa tana gaya wa wani cewa ba za ta iya ƙetare gadar nan ba sai da shi. Da zagaye ya dawo, dodo ya sake kai wa maharbin hannu, ɗan ludo ya nuna shida.

"Na mutu," in ji Ato.

Araba ta fizge takardar, ta ga ɗayan da ya rubuta, fensir har ya huda wurin.

"Ɗaya? Saura ɗaya ka ce mini ƙalau?"

"Ai wasa ne."

"Wasa ne." Idonta ya kawo ruwa, amma ranta ne ya ɓaci. "Tun ranar da aka kafa dokar nan na shirya abin da zan faɗa maka in ka faɗi. Har a tasi nakan maimaita shi. Shekara biyu ka ƙi fitowa daga bayan dutse, yau ka fito ka yi mini ƙarya."

Selorm ya sunkuyar da kai yana jujjuya fensir. Ato ya matso da kujerarsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"To faɗa mini yanzu."

Araba ta ninke takardar biyu ta miƙa wa Nii Lante.

"Ba a yi wa gawa magani, Ato," ta ce. "Nii, wa ke da jifa?"