Garwar Ɗan'azumi

Sunana Hajo, mai koko a bakin kasuwar Hunkuyi, gindin durumin da ke kusa da rumfar teloli. Shekara ashirin da biyu ina dama koko a wurin nan, tun Turawa suna nan har suka tafi, ba a taɓa cewa kokona ya ɓata cikin kowa ba. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Sawa na yi aka rubuta mini wannan, na kuma ce wa mai rubutun kada ya gyara mini baki.

A bazarar bara abin ya faru, shekara uku da samun mulkin kai. Rijiyoyin cikin gari duk sun ja baya, sai ta bakin fadama ke da ruwa, ga ta da nisa. Wanda ba shi da mai ɗebo masa sai ya saya wurin 'yan garuwa, garwa ɗaya kwabo. Ni huɗu nake saya kullum, don koko ruwa yake ci, daga jiƙon gero zuwa tacewa zuwa damawa. Garwar kananzir suke ɗauko ruwan a ciki, duk ta yi tsatsa ta lotse. Kafin a iso ƙofar gidanka wani ya tsiyaye a hanya, kwabon kuwa yana nan yadda yake.

Sai ga Ɗan'azumi, wani magidanci mutumin Gazara da ya zo cin rani, da garwa huɗu sababbi. Koraye ne, masu kauri, da murfin da ake murɗawa, kuma sun fi ta kananzir ciki da kusan ƙwarya guda. Shi ma kwabo yake sayarwa. Na bar wanda ya shekara biyar yana kawo mini na koma wurinsa. Wannan kam na yarda nawa ne, na ga yawa na bi.

Mai koko da asuba take buƙatar ruwa, lokacin kuwa layin rijiya ya kai bakin hanya. Sai Ɗan'azumi ya yi dabara. Da la'asar yake cika garwar huɗu ya murɗe murfi, su kwana a ɗakinsa, gari na wayewa ya kawo mini. Sauran gidaje da rana yake kai musu, daga rijiya zuwa randa, ruwan bai zauna a garwa ba. Ni kaɗai ke samun ruwan kwana. Har godiya nake yi masa, ina ƙara masa da ludayin koko, shi kuma ba ya sha, wai azumin nafila yake yawan yi.

Rana ta shida da fara karɓar ruwan kwanan nan, teloli biyu suka yi ta amai a bayan rumfa. Aka ce zafi ne. Kashegari mutum tara, amai da jiri da rawar jiki. Tukur mai jaki, wanda yake shan ƙwarya biyu kullum, ya faɗi a tsakiyar kasuwa yana shure-shure, miyau na dalala, aka ɗora shi a kan jakinsa aka kai shi ɗakin shan magani. Bai mutu ba, amma har yau hannunsa na dama yana karkarwa. Da aka bi diddigi, duk waɗanda suka kwanta kokona suka sha.

Kafin azahar magana ta gama gari: Hajo ta karɓo maganin kiran ciniki wurin boka, ta zuba ya yi yawa. Hujjarsu kuwa, ni ban yi ciwo ba. To ni shekara goma ke nan ba na shan koko, ƙwannafi yake tayar mini, kowa ya sani. Ruwan shana kuma daga ɗan abin da rijiyar gidanmu ke tatsowa ne, tulu guda a yini. Amma ranar nan duk suka manta. Ummuhani, maƙwabciyata da muka yi shekara talatin muna aron turmi, ta hana jikokinta shiga gidana. Na fita da koko kwana uku, na dawo da shi yadda na fita da shi, na zubar a bayan gida.

A kwana na huɗu ina zaune a tsakar gida da hantsi, ba aikin yi, ina kallon randar da nake juye ruwan Ɗan'azumi. Mai koko ta san ƙuda, da shi muke kasuwa. Na ga babu ko ɗaya a bakin randar. Na duba gindinta, ga su nan a ƙasa birjik, matattu, har da kyankyasai biyu sun yi rigingine. Na je wurin tulun ruwan shana, ƙudaje na ta shawagi lafiya lau. Na yafa mayafi na nufi ɗakin da Ɗan'azumi yake haya.

Na same shi yana gyara igiyar sandar da yake ɗaukar garwa da ita.

"Sannu da zuwa, Inna. Yau ba ki aiko ba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin yana nan. Miƙo mini garwar nan."

Na fito da ita rana. An kankare rubutun jikinta da wuƙa, amma a gefe guda ga sauran hoto, ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye.

"Kai, mene ne wannan?"

"Tambarin kamfani ne, Inna. Kamar yadda suke sa zaki ko giwa a jikin kaya."

"Kamfanin da ya rasa abin sawa sai kan gawa? Me ta ɗauko kafin ta zo hannunka?"

Ya ce maganin feshin auduga ne, wanda aka kawo wa manoma da damina. Wani mai gadin sito ya sayar masa da su bayan sun ƙare. Na ce abin da ake kashe tsutsa da shi ka zuba mini ruwa a ciki? Ya miƙe tsaye, ransa a ɓace, wai na ɗauke shi mutumin banza.

"Wallahi Inna sai da na tambaya. Malam Iliyasu na kai wa. Sau bakwai na wanke kowace, ɗaya da ƙasa. Malam ya duba ya ce ruwanta mai tsarki ne. Ni ma da shi nake alwala."

Na ce ɗauko wadda ruwa ya kwana a ciki mu je.

Malam Iliyasu limamin unguwarmu ne, dattijo, ba ni da abin faɗa a kansa sai wannan. Muka same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, gida da iyali da karatu, sannan na tura garwar gabansa. Ya ce ƙwarai ya tuna. Abin da ta ɗauka ba najasa ba ne, ba jini ba, ba mushe ba. An wanke, ya zuba ruwa ya duba, launi bai canja ba, wari bai canja ba, ɗanɗano bai canja ba. Ruwan da yake haka mai tsarki ne.

Na ɗauki moɗar da ke kan tulunsa, na murɗe murfin garwar, na cika.

"Allah gafarta Malam, ga shi mai tsarki. Bisimilla."

Ya karɓa ya kai hanci. Ya daɗe yana riƙe da ita. Ruwan da ya kwana daban yake da wanda aka nuna masa, akwai wani ɗan wari can ƙasa, wanda tsamin gasara da citta suka rufe a cikin koko. Ya ajiye moɗar a gefe.

"Ba zan sha ba, Hajo. Tsarki aka tambaye ni, tsarki na amsa. Ya kamata in ce ban san sauran ba."

"To a faɗa wa gari haka."

Ya ce shela ba tasa ba ce, ta dagaci ce. Ɗan'azumi ya zauna a ƙasa ya dafe kai, yana ta innalillahi.

Na je wurin dagaci. Ya ce wannan maganar lafiya ce, sai dubagari, dubagari kuma yana Makarfi. Ranar Laraba na ɗauki garwar a kai na shiga mota. Yaran mota suka yi ta tsiya, wai Inna za ta cin rani. Na ce e, kuma ruwan farko na ubanku ne. A Makarfi na yini a ƙofar ofis kafin in ga mutumin, Sama'ila sunansa, saurayi ne cikin kaki. Yana ganin hoton nan ya ja kujerarsa baya.

"Inna, a cikin wannan kuka sha ruwa? Ai wannan ko sau ɗari aka wanke ba ya fita daga gaɓar ƙarfen. Binne su aka ce a yi."

"Wa aka ce wa?"

"An rubuta a jiki."

"Da wane baki?"

"Da Turanci."

Na ce to madalla, an gaya mana ke nan.

Bayan kwana biyu ya zo Hunkuyi a kan keke. Ashe ba Ɗan'azumi kaɗai ba ne, 'yan garuwa bakwai suna da irinta, wasu gidaje ma suna ajiye man gyaɗa a ciki. Aka tara garwa ashirin da uku a ƙofar dagaci, aka huda gindin kowace da ƙusa. Da la'asar mai shela ya zaga gari. Na tsaya a bakin zaure na kasa kunne. Ya ce hukuma ta hana zuba ruwa ko abinci a garwar maganin auduga, wanda aka kama zai je gaban alƙali. Ya maimaita sau uku ya wuce. Bai ce koko ba, bai ce Hajo ba.

Na koma wurin dagaci.

"Ranka ya daɗe, an wanke gari, ni ba a wanke ni ba."

"Hajo, ai mai hankali ya gane."

"Masu hankalin ba su ne masu sayen kokona ba. A sa sunana a shela."

Ya yi dariya, fadawansa suka taya shi. Ya ce shela umarnin hukuma ake faɗa da ita, ba a kiran sunan mace a ciki. In yi haƙuri, magana za ta mutu da kanta.

Maganar ba ta mutu ba, ƙaruwa ta yi. Da aka huda garwar nan, 'yan garuwa suka koma neman ta kananzir, masu ita suka tsawwala, ruwa ya koma kwabo biyu. Matan da suke kulle, waɗanda ba su da hanyar ruwa sai a kawo musu, suka ce Hajo ce ta jawo. Ummuhani ta leƙo ta kan katanga ta ce da na yi shiru da ba a kai ga haka ba, su da suke shan ruwan ba abin da ya same su. Na ce naki bai kwana ba ne, shi ya sa. Ta ce ita dai kwabonta ta sani.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na karɓo garwata daga cikin hudaddun, don ni na kai ta Makarfi da kuɗin motata. Na rataya ta a wuya da igiya, na ɗauki muciya. Daga layin 'yan hatsi na fara. In buga sau uku in ce:

"Jama'a ku ji! Ba Hajo ta zuba magani a koko ba! Ruwa ne ya kwana a garwar nan! Ga kan gawa a jikinta, mai ido ya duba!"

Na bi ta mahauta, na bi ta 'yan koli, na tsaya a rumfar teloli na faɗa sau biyu. Wasu na dariya, wasu na cewa tsohuwa ta taɓu. Wani dogari ya ce in daina, na ce ya nuna mini inda aka hana. A layin masu jaki na ji ana amsa mini daga baya. Ɗan'azumi ne, bai koma Gazara ba ashe. Duk inda na faɗa sai ya ce, "Gaskiya ne, garwata ce, ni na kawo mata." Ban kira shi ba, ban kuma kore shi ba. Haka muka gama kasuwar.

Kashegari na fita da koko, rabin abin da na saba. Hantsi ya ɗaga ba wanda ya tsaya. Can sai ga Malam Iliyasu, wanda tunda nake bai taɓa cin abu a kasuwa ba. Ya yi sallama, ya tsuguna gindin durumin, ya ce a zuba masa na kwabo. Ya shanye a gaban teloli, ya yi hamdala, ya tashi. Bayan tafiyarsa mutum uku suka saya.

Yau wata takwas ke nan. A da nakan sallami mutum arba'in kafin rana ta yi zafi, yanzu sha biyu ne, ran kasuwa sha biyar. Tukur mai jaki in ya hango ni sai ya canja hanya. Ruwa yana nan kwabo biyu ko da damina ta sauka rijiyoyi suka cika. Mai gadin da ya sayar da garwar an ce an mai da shi wani sito, ba wanda ya tambaye shi komai. Ni kuma duk mai kawo mini ruwa sai na kifa garwarsa na duba gindi da gefe, kuma a gabana za a ɗebo, ba na karɓar na kwana.

Ba diyya nake nema ba. Mai shelar da ya zaga gari ran nan yana nan da ransa da bakinsa. A sa shi ya sake zagawa ran kasuwa, ya ce Hajo mai koko ba ta zuba wa kowa komai ba, ya ambaci sunan da kyau yadda na layin masu jaki za su ji. Na je ƙofar dagaci sau biyar a kan wannan. Jibi Laraba zan kai takardar nan Makarfi, da garwar.