Kunnen Hagu

"Ciro wancan ma in gani," ta ce, hannunta ɗaya riƙe da kan keke.

Mai shagon, wani dattijo da ya ɗaure tabaransa da zare, ya zube mata iyafis kala huɗu a kan gilashi. "Malama, tun ɗazu kike juya su kamar mai zaɓen miji. Duk masu araha ne, duk suna waƙa."

"Da miji ne ai da tuni na gama, Baba."

Ba ta faɗa masa abin da ke riƙe ta ba. Tun tana 'yar shekara tara kunnenta na hagu ya yi ruwa, dodon ya fashe, ya daina ji. Da kunne ɗaya ta gama jami'a, a bencin gaba, kai a karkace. Da shi take koyar da lissafi, ko shugaban makarantar bai sani ba. Kullum sa'a guda take yi a kan keke tsakanin manyan motoci. Tana marmarin waƙa a hanya, amma in ta toshe na dama ta zama kurma a tsakiyar titi. Yayanta ya rantse duk ranar da ya ga abu a kunnen nan sai ya kwance ƙafafun keken.

"Babu wanda ba ya toshe kunne?"

Dattijon ya duƙa ya lalubo wani kwali da ya koɗe. "Sai wannan. Ya ƙi sayuwa, wai ya yi kama da ƙaho. Ba a cusa shi, a kan ƙashin gaban kunne yake zama, ta cikin ƙashin sautin ke shiga."

Ya haɗa da wayarta, ta zura shi ƙarƙashin ɗankwali.

Kiɗa ya taso, kuma ga hon ɗin motoci tana ji ras. Sai muryar wata mace ta shigo ta hagu, a hankali, dab da ita. Ta waiga da sauri. Bango ne kawai. Ta danne hannu a ƙirji. Muryar tana nan, a gefen da ya shekara goma sha bakwai kamar ɗakin da aka kulle.

"Lafiya, Malama? Shokin ya yi miki?"

"Baba... ta nan nake ji."

"To, ai don a ji aka yi shi."

"Wannan kunnen matacce ne, tun ina yarinya."

Bayan mutanen gidansu, shi ne na farko da ta taɓa faɗa wa. Ya cire tabaran ya zuba mata ido. "Ikon Allah," ya ce, can ƙasa.

Ta biya ba ciniki. Ta hau keken, sai titin ya narke, motoci suna iyo cikin hawaye. Ta sauka ta kama tura shi a gefen hanya.

"Malama, faci kika yi?" wani mai babur ya ɗaga murya daga damanta.

Ta ji shi sarai. Ba ta amsa ba, don matar ta hagu ba ta gama ba tukuna.