Igiyar Shanyata

"Malam Manasse, wannan fa igiyar shanyata ce!"

Na fito da bokitin wanki na tarar da ita a ƙofar gida, duk an yi mata ƙulli. Ɗalibai uku sun ja ta ƙarƙashin dogon yaro, ɗaya daga cikinsu 'yata Siddiƙa.

"Ya Aisa, aro muka yi," in ji shi, yana tari. "Duba, taku uku nan, huɗu nan, biyar can. Kusurwar da ta fito, ko magini bai isa ya gyara ta ba."

Shekara tara muna maƙwabtaka da shi a Galtimari. Malamin lissafi ne a sakandare, amma ban taɓa ganin malami mai gudun aji irinsa ba. Yau a auna inuwar bishiya, gobe a ƙirga taku daga famfo zuwa masallaci. Ni kuwa Siddiƙa sau biyu lissafi yana kayar da ita, kuma babanta ya rantse wannan ne zama na ƙarshe. In ta sake faɗuwa, zancen makarantar jinya ya mutu. Saura sati biyar jarrabawa, ga ta tana wasa da igiya kamar mai ɗaure akuya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fizge igiyata, na ce Siddiƙa ta wuce ciki ta buɗe littafi, kada in sake ganinta a gindin bishiyar nan.

"A cikin littafin ne ta faɗi sau biyu, Ya Aisa," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Na zauna na kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya har farcena ya karye.

Da la'asar matarsa Hope ta leƙo. "Maman Siddiƙa, ki yi masa magana mana. Likita ya ce a kwantar da shi, shi kuma wai sai yaransa sun gama jarrabawa."

Na ce ai mai taurin kai ba ya jin maganar kowa. Ban je ba, don fushi nake yi. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Kwana takwas bayan haka, ranar Talata, ya yanke jiki ya faɗi a filin makaranta da sandar awo a hannu. Kafin Keke Napep ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Haushinsa na ji, wallahi, haushin kaina kuma ya fi.

Siddiƙa ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daina yi mini magana, littafin ma ta rufe. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza.

Ranar Asabar na dawo daga yi wa Hope gaisuwa na ga wankina a kan katanga, igiya babu. Siddiƙa tana gindin dogon yaro da igiyar, ta maida ƙullin duka, ga ƙawarta guda, amma sun rasa na ukun da zai riƙe.

Ta dube ni. "Mama, riƙe nan. Ki ja sosai, kada ta yi sako-sako."

Na ajiye mayafina na kama ƙullin. Na ja.