Tari a Hawa na Biyu

Matakala sittin da huɗu ne tsakanina da Inna. Tun da idanunta suka tafi bara, ƙanina Auta ya ɗauke ta ta koma wurinsa, a wani dogon bene na haya, hawa na huɗu, babu lifta. Shi da matarsa ba su ga laifin wurin ba, don su biyun kamar sillen kara suke. Ni kuwa shekarata arba'in da takwas, ashirin da ɗaya daga ciki a kan kujera ɗaya na cinye su, a ɗakin ajiye takardu na ofishinmu, inda kowa ke ce mini Uwar Fayil. Kujerar ta buɗe, ni ma na buɗe, ba mai yi wa wani gori.

Da farko duk Asabar nake zuwa. Sai in dafa ƙarfen gefe in yi ta jan jiki har ƙarshen hawa na biyu, inda matakalar ke juyawa, in zube a ƙasa in ce wash Allah, in yi tari, in yi haki har numfashina ya dawo. Sannan in ƙarasa, in shiga ɗakin Inna sharkaf da gumi, sai na yi minti goma kafin in iya gaishe ta kamar mutum. Daga duk Asabar abin ya koma sati bibbiyu, daga nan ya koma waya. Uzuri ba ya yi mini wuya: yau aiki, gobe mura, jibi baƙi. Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai ta ce Allah ya yi albarka, in gaida maigidan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata Talata na tashi aiki da wuri, na ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai na ga uwata. Ban gaya wa kowa zan zo ba, ban kuma riƙo komai ba sai jakata. Na kai hawa na biyu na zauna inda na saba, amma ranar ƙirjina ya riƙa bugawa har cikin kunnena, na ji tsoro. Na ɗaga kai na dubi sauran matakala talatin da biyu, na daɗe ina dubansu. Sai na miƙe na sauka a hankali, ina ɗaga ƙafa kada takalmina ya yi ƙara. A mota na yi kuka, na rufe fuska da mayafi kamar mai barci.

Washegari na je asibiti. Likita ta auna ni ciki da bai, ta ce zuciyata lafiya lau take, jini ne ya ɗan hau, zama kuma ya yi mini yawa. Ta ce in fara motsa jiki, amma a hankali. Wannan a hankalin ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu. Na sayi takalmin kambas fari tas, ranar Asabar da sassafe na tafi filin ƙwallon unguwarmu na kama gudu kamar wadda aka biyo. Zagaye ɗaya da rabi na yi. Kwana uku ina salla a zaune saboda tsamin jiki, maigidan yana tambayata ko ya nemo wa takalmin mai saye tun bai tsufa ba. Na tura kambas ƙarƙashin gado, na ce ni da motsa jiki haihata-haihata.

Ofishinmu ma hawa huɗu ne, ɗakina yana ƙasa. Tun kafin a ɗauke ni aiki wani mai dabara ya ɗaura kwando da igiya a tsakar matakalar. In na sama suna son fayil sai su buga waya, in saka a kwando, in girgiza igiyar, su ja. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina aika takardu sama, ban san kalar labulen ofishin shugaba ba. Mutum ɗaya ne bai yarda da kwandon nan ba, wato Baba Masinja, wani tsoho siriri mai shekara sittin da wani abu, wanda ya ce takardar da aka damƙa masa hannu da hannu zai kai ta. Yana hawa yana sauka yini zubur, ban taɓa jin hakinsa ba.

Shi ya same ni ranar Laraba ina ɗingishi tsakanin kantocin fayil. Ya tambayi abin da ya same ni, ni kuma ban san abin da ya kwance mini baki ba, na gaya masa komai, har da komawar da na yi daga hawa na biyu. Bai yi dariya ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai me na riƙo a hannu ranar. Na ce ba komai.

"To ai shi ya sa," in ji shi. "Malama, wanda ya hau bene hannu rabbana, kowace matakala ƙofar komawa ce a wurinsa. Amma in saƙon wani ne a hannunki, yana can yana jira, ina za ki koma da shi?"

Ya ce daga ranar fayil ɗaya tak zan riƙa hana kwando, na hawa na farko, in kai da ƙafata. Na ce hawa ɗaya ai wasan yara ne, zan iya biyu. Ya ce ya sani, shi ya sa ya ce ɗaya. Wai in riƙa tsayawa da sauran ƙarfina, kamar mai tashi daga cin abinci da sauran marmari, don gobe jiki ya yarda ya dawo. Na ji haushin maganar, don ba na son a fi ni gaskiya, amma na ciro kambas daga ƙarƙashin gado na kawo shi ofis na ajiye a durowa.

Ranar farko da na shiga ofishin hawa na ɗaya da fayil a hannu, sai da maga-takardar wurin ta miƙe tsaye, ta ɗauka gobara ce ta tashi a ƙasa. Kafin azahar labari ya gama ginin cewa Uwar Fayil ta hau bene. Masu tsiya suka riƙa leƙowa ta saman matakala suna tambaya ko su sauko da kwandon in shiga su ja ni. Na ce su bari sai sun sami igiyar da za ta iya.

Sati na farko fayil ɗaya, na biyu fayil uku. A sati na uku Baba ya ba ni izinin hawa na biyu. Ya koya mini in taka da tafin ƙafa gaba ɗaya, in daina rataya a jikin ƙarfe kamar wanki, in kuma riƙa tafiyar da zan iya amsa gaisuwa a cikinta. In na kasa amsa gaisuwa, to na yi sauri. Ba kullum abin ke daɗi ba. Akwai ranakun da gwiwata ke ƙara tun daga matakala ta uku, akwai ranar da na hau sikeli na ga ko ƙwayar kilo ɗaya ban rage ba, na zauna ina huci. A sati na huɗu mura ta kwantar da ni kwana biyar, da na dawo sai na ji kamar ban taɓa farawa ba. Ranar duk fayil ɗin da aka nema a kwando na jefa shi, na girgiza igiya da ƙarfi don kowa ya ji.

Washegari da safe sai Baba ya zo ya ajiye wata ambulan a teburina, ya ce ta hawa na ɗaya ce, ƙafarsa na ciwo, in taimaka masa. Ƙarya yake yi, na gan shi da idona bayan minti biyar yana haurawa hawa na huɗu kamar ɗan akuya. Amma ambulan tana hannuna, mai ita yana jira, dole na kai. Daga ranar ban sake fashi ba. Sikelin ma na daina kula shi, tunda ba shi zai kai ni wurin Inna ba.

A sati na tara na ga labulen ofishin shugaba. Ruwan toka ne, duk ya koɗe, bai kai a yi masa shekara ashirin da ɗaya ana jira ba. Na tsaya a bakin ƙofa na amsa gaisuwar sakatare har da tambayar iyali, muryata ba ta yanke ba. Duk da haka na kasa zuwa gidan Auta. Ina tsoron matakalar can, ina kuma jin kunyar wata biyar da na yi ban ga Inna ba. Kullum sai in ce bari in ƙara sati ɗaya.

Ana nan sai rediyon Inna ya lalace. Tun da ta daina gani shi ne abokin hirarta, da shi take kwana da shi take tashi. Auta ya biyo da shi ofis saboda mai gyara yana bayan gininmu, ya ce zai zo ya karɓa ranar Alhamis. Mai gyara ya gama tun Laraba da rana, waya ce kawai ta tsinke. Na ɗora rediyon a kan tebur ina kallonsa. Baba ya shigo, ya dubi rediyon, ya dube ni, ya fita. Na ɗauki waya na gaya wa Auta kada ya wahalar da kansa, ni zan kawo yau, ya kuma gaya wa Inna rediyonta na hanya. Da na ajiye wayar na san na rufe wa kaina ƙofar komawa.

Da la'asar na tsaya a gindin benen, kambas a ƙafa, rediyo a rungume. Na yi bisimilla na fara, tafin ƙafa gaba ɗaya, ba sauri. Da na zo ƙarshen hawa na biyu na ga wurin zamana, har da ɗan tabon da ke jikin bango inda nake jingina kai. Na wuce shi. A hawa na uku cinyoyina suka fara zafi, numfashina ya yi nauyi, amma irin nauyin da na riga na sani ne, ba mai ban tsoro ba. Sittin da biyu, sittin da uku, sittin da huɗu.

Ƙofar gidan a buɗe take. Inna tana zaune a kan kujera daf da bakin ƙofar, carbi a hannu, ta karkata kai wajen matakala. Ta rame fiye da yadda na bar ta. Kafin in yi sallama ta riga ni magana.

"Wane ne? Ban san wannan tafiyar ba."

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta miƙo hannu, na durƙusa, ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, kamar tana neman inda aka canja.

"Ba ki zauna a hawa na biyu ba," in ji ta.

Na ce ban zauna ba. Ta ce ai duk mutanen benen nan da ƙafa ta san su, matakalar tana kawo mata sauti kamar rijiya. Ni kuma da zamana take gane ni, da wash Allah ɗin, da tarin da ke biyo baya. In ta ji su sai ta ce wa matar Auta ta ɗebo ruwan sanyi, yarinya na tafe.

"Ranar wata Talata ma na ji ki," ta ce. "Har an kawo ruwan. Sai na ji kina sauka, kina ɓoye ƙafa. Na buɗe baki zan kira ki, na ce a'a, kada in ƙara miki kunya a kan wadda kike ciki."

Matar Auta, da ke tsaye da kofi a hannu, ta ce tun daga ranar Inna ta hana a rufe ƙofar nan da la'asar, ko sauro zai cinye su. Na kifa kaina a cinyar Inna na yi kukan da ya fi na cikin mota, ita kuwa tana ta bubbuga bayana tana cewa ya isa, ya isa, ai ga ki.

Da na natsu na kunna mata rediyon, ta murɗa ta ji yana magana, ta kashe ta ajiye a gefe. Muka yi hira har aka kusa magariba. Da na tashi tafiya na ce mata zan dawo Asabar, ta riƙe mini hannu.

"To in kin zo hawa na biyu ki ɗan yi tari, yarinya. Wannan sabuwar tafiyar taki ban saba da ita ba tukuna."

Yau wata bakwai ke nan ina zuwa duk Talata da Asabar. Numfashina ba ya tsayar da ni a ko'ina, amma duk na kai inda matakalar ke juyawa sai in tsaya in yi tari sau biyu. Daga can sama sai in ji an ja kujera, in ji muryar Inna tana cewa a kawo ruwa.