Ɓerayen Mardiyya da Wakena

Ni dai tun da na yi wayo na san ɓera abokin gaba ne. Hatsi nake saye da sayarwa tsakanin Mai'adua da Daura, kuma babu shekarar da ba su huda mini buhu ba. Kwatsam sai ga ƙanwata Mardiyya, wai Dakta, ta sauka daga mota da akwatunan roba huɗu cike da fararen ɓeraye, tana ce wa direba ya bi a hankali kamar jarirai ya ɗauko. Malaman jami'arsu sun shiga yajin aiki, an yanke wutar ɗakin bincikensu.

Na ce, "A gidan nan? Gidan da Malam mahaifinmu ya yi shekara arba'in yana karatun Alƙur'ani?"

Ta ce, "A ɗakina, Yaya. Mako uku kawai."

Kotun shari'a ce ta raba mana gado, ɗakin baya ya faɗo a rabonta, bango ɗaya da siton da nake tara wake.

Abin haushi ba ya ƙarewa. Ta kafa musu sola da fanka, mu muna fifita da mafici. Ruwansu sai an tafasa, mu muna shan na randa. Ba ta shiga wurinsu sai da safar hannu da takunkumi. A ƙofar masallaci kuwa har an raɗa mini suna, Badaru mai ɓeraye.

Ta so yi mini bayani. Wai ta dasa musu sabon ɓargo, tana duba yadda yake ƙera jini da ƙwayoyin da ke kare jiki daga cuta, aikin shekara biyu, kuma sai rana ta ashirin da ɗaya za ta ɗebi jininsu ta ga sakamako. Na ce ta riƙe bokonta. Mai sauraronta ɗaya ce a gidan, 'yata Amatullah, wadda sikila ke kwantarwa duk bayan 'yan watanni. Kullum tana maƙale a taga.

"Gwaggo, maganina suke haɗawa?"

"Ba magani ba tukuna, Amatu. Hanyarsa muke nema."

Ana haka ƙwari suka faɗa wa wakena. Na sayo bom, ƙwayar nan da ake tusawa cikin buhu, a rufe sito, iskarta ta kashe duk abin da ke numfashi. Mardiyya ta tare ni a tsakar gida.

"Yaya, bangon nan bai kai rufi ba, iskar za ta ƙetaro. Don Allah kwana tara."

"Wakena ya ruɓe saboda ɓera?"

"To, ka kai shi siton Mainasara, ni zan nemo mota."

"Ni zan fita da kayana daga gidan ubana? Ke ki fita da naki."

Siton abokina Mainasara a buɗe yake, na sani. Kwana tara kuma ba za su gama da wake ba, wannan ma na sani. Raini ne kawai ba na so, yarinyar da na goya ta zo tana tsara mini gida.

Ranar Laraba ciwon Amatullah ya tashi. Mardiyya ce ta saɓe ta zuwa asibiti, ita ta ba da jini, ta yi kwana biyu a gefen gadonta. Ni kuwa da na ga ɗakin da kwaɗo, na tusa bom ɗina na toshe ƙofar sito da tsumma.

Juma'a da hantsi Mardiyya ta dawo, da auduga manne a hannunta. Ta buɗe ɗakin, ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Na shirya faɗa, har na tanadi abin da zan ce. Ba ta ko dube ni ba. Ta fito da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta haƙa rami a bayan gida ta binne ɓerayen, ta kira direba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban ba ta haƙuri ba.

Da la'asar na je asibiti. Amatullah ta ɗan farfaɗo, jinin gwaggonta na yawo a jikinta. Ta kama yatsana.

"Baba, saura kwana nawa ɓerayen Gwaggo su gama?"

Na ce mata wake ya yi kyau, ko ƙwaro ɗaya babu.